Sai Na Gane Tukuna

Kun daɗe kuna ɗora wa goggonku Ladi laifin da ba nata ba, ni kuma na daɗe ina jin ku ina shiru, don shirun ya yi mini daɗi. Yanzu tana ƙasa, ba ta da bakin kare kanta, ni ma shekaru sun ja, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da kuke faɗa a tsakaninku, kuna zaton kunnena ya mutu, shi ne wai Ladi ce ta ɓoye mini ranar da aka yanka wa babbar yayarku ta mai da takardar tafiya karatu ƙasar waje, don ba ta son rabuwa da 'yar da ta raina. Ba haka aka yi ba. Zan faɗa muku yadda aka yi gwargwadon abin da na gane, ko da yake, kamar yadda za ku gani, ni da ganewa ba mu sha ruwa a ƙwarya ɗaya ba a waccan shekara.

Ku da kuka tashi da Larabci a baki, sai na fara tuna muku abin da kuke yi wa dariya. Babbarku 'yar fari ce, a wurinmu kuma uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama inda yake zaune, ba ya yi masa magana baki da baki sai larura ta kai larura. Uwarku ma ta fi ni tsanani, ko goyonta ba ta yi a gaban mutane ba. Ranar da aka yaye ta aka miƙa ta ga yayata Ladi, wadda ɗakinta ke bayan dangar gidanmu, taku goma daga zaurena. Yawancin Hausawan ƙauyenmu na kusa da garin Haj Abdalla sun saki wannan al'ada tun tuni, maƙwabtanmu Larabawa kuwa har tambayata suke ko yarinyar ta yi mini wani laifi ne. Ni na riƙe. Kakana ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a nan Jazira, kudu da Khartum, wai zai yi aikin auduga na shekara ɗaya ya wuce, ga mu nan har yau. Bai bar mana gona ba, bai bar mana shanu ba, abin da ya bari shi ne harshe da kunya. Harshen ina gani yana zubewa daga bakinku, sai na ƙanƙame kunyar da hannu biyu. In zan yi maganarta sai in ce 'yar Ladi, in kuwa ina da saƙo gare ta, ko na yabo ko na faɗa, Ladi ce ke zagaya danga ta kai.

Aikina kuma kun san shi, ko da yake ban taɓa barin ɗayanku ya bi ni ba. Idan an gama tsinkar auduga a hawasha, wato gonar da mashru'u, hukumar noman auduga, ya yanka wa manomi, ba a barin karan a tsaye. Sai an tuge shi da saiwarsa, an tara, an share ganye, an cinna wuta kafin ruwan farko, in ba haka ba tsutsa da ciwon kara su kwana a ciki su cinye audugar baɗi. Da kammasha ake yi, wani ƙarfe mai baki kamar awartaki da doguwar ƙota, ka cafki gindin kara, ka danna, ƙasa ta sake shi. Shekara arba'in ina wannan a gonakin mutane, a zafin watan biyar da ko jaki ke neman inuwa. Masu shuka ana yi musu addu'a, masu tsinka suna da waƙoƙinsu, mu kuwa sai kowa ya watse ake tunawa da mu, mu dawo gida baƙi ƙirin muna warin hayaƙi. Na yi rantsuwa tun ina saurayi cewa ɗan da na haifa ba zai zama mai zuwa bayan an gama ba. Ku riƙe wannan rantsuwa a ranku, don ita ce ta ci rabin watan da nake ba ku labari.

Shekarar, 'yar Ladi ta riga ta gama jami'a a Khartum, malamanta sun riƙe ta tana taya su aiki a ɗakin bincike. A farkon watan huɗu ta zo gida ba lokacin hutu ba. Washegari da la'asar Ladi ta shigo zaurena da jabana, butar gahawarmu, ta zuba mini kofi biyu kafin ta buɗe baki, daga nan na san akwai magana.

“Ɗiyata ta samu minha,” in ji ta. “Wasu malamai can bayan teku sunka zaɓe ta, shekara huɗu, ci da sha da karatu duka nasu. Ba a bukatar komi gare ka sai hannunka, kai ne waliyyi. Ku tahi birnin Madani ka sa hannu gaban ma'aikaci. Amma akwai rana hwa, tac ce kada a wuce ƙarshen watan ga.”

Kun ji ko? Ta faɗa. A ranar farko ta faɗa, da bakinta, jabana a hannu. Ni kuma na ce:

“Rana ta Allah ce, Yaya. Karatun mi za ta yi?”

Ba don in hana ba na tambaya. Ubana ya taɓa dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba, ya yi shekara yana cizon wannan yatsa, tun daga nan na ɗauka wa kaina cewa ba na sa hannu a abin da ban gane ba. Na zaci tambaya ce ta kofi ɗaya. Ladi ta tashi, ta zagaya danga, na ji ƙus-ƙus, ta dawo ta zauna tana gyara mayafi kamar wadda za ta ba da fatawa.

“Tac ce jikin mutum duka ƙananan ɗakuna ne, ido bai ganinsu, haliyya aka ce musu. Cikin kowane ɗaki akwai dogon zare mai tufka biyu. Kan zaren anka rubuta yadda mutum zai kasance, tsawonshi, hancinshi, komi.”

“Wa ya rubuta?”

“Allah mana, wa kake zato? To in ɗaki zai rabu biyu, sai an kwafe rubutun tukuna, kowane ya tahi da nashi. Akwai makana, wani ɗan inji, mai kwafewa.”

“Makana? Cikin jikina?”

“Cikin naka, cikin nawa, har na akuyar can.”

Na dafa cikina, ban ji komai ba sai jabana. Na ce to madalla, ashe rubutun za ta koyi karantawa, wannan ai karatu ne mai daraja. Ladi ta sake zagayawa, ta dawo ta ce ba rubutun ba ne. Na ce to kwafewar ce. Ta sake zagayawa, ta ce ba ita ba ce. Duk wannan fa yarinyar tana jin kowace kalma tawa ta cikin karan danga, ni ma ina jin tarinta, amma Ladi ce ke cin ƙasa da silifa tsakaninmu. A zagaye na huɗu ta dawo tana haki.

“Tac ce in an ƙare kwafewa, makanar ba ta sauka da kanta. Awa zobe take, ta rungume zaren. Sai wasu sun zo sun liƙa mata alama, sa'an nan wani mai ƙarhi ya zo ya ja ta, ta wargaje. In an cire ta da wuri, rubutu ya tsaya rabi. In an bar ta, ta tare hanya. To wanga kwancewa shi za ta karanta.”

Na jira sauran, ashe babu saura. Shekara huɗu, jirgin sama, ƙasar da rana ba ta da zafi, duk don a ga yadda ake kwance abin da ya riga ya gama aiki. Na ce wa Ladi akwai abin da ya zube mata a hanya, ta ce in na fi ta kunne in zagaya da kaina. Ta san ba zan zagaya ba.

Ranar kasuwa na shiga Haj Abdalla, na je wurin mai kantin magani, wani Balarabe mai kirki da yake kirana Hajji ko da ban je ba. Na zayyana masa abin da na ji, da ɗakuna da zare da zobe. Ya ce lallai ya san zaren, yana da suna na haruffa uku na Turanci, ya faɗe su na manta kafin in kai bakin ƙofa. Ya ce irin wannan bincike ne ke kai mutane ga gane ciwon daji. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe likita za ta zama. Ya ce a'a. Na ce to magani za ta haɗa. Ya ce a'a, wataƙila wani ya haɗa bayan shekara talatin saboda abin da ta gani, wataƙila kuma kada a haɗa. Daga can na wuce wurin limaminmu, na tambaye shi ko wannan shiga ne cikin abin da Allah ya ɓoye. Ya ce kallon halitta ibada ce in ba a taɓa ta da ɓarna ba, sannan ya sunkuyo ya ce shi ma wallahi bai gane ba, in na gane in zo in gaya masa. Na dawo gida da ruɗu biyu a kan wanda na fita da shi, mako guda kuma ya tafi.

Ina jin yarinyar ta ga na ɓata a daji, sai ta nemo mini hanyar da take zaton na sani. Ladi ta shigo da murmushi, ta ce yau kam an gama.

“Tac ce in gaya maka, aikinta irin naka ne. Yadda kake zuwa bayan an tsinke auduga ka tuge kara don gona ta yi lahiya baɗi, haka masu kwance makanar suke. Tac ce tun tana ƙarama take hangenka da kammasha.”

Yau na san yabona ta yi. Yau na san ba a taɓa ba ni girma irin wannan ba, ko a masallaci ko a kasuwa. Amma a ranar abin da ya shiga kunnena daban ne. Na ji cewa na yi shekara arba'in ina shan hayaƙi don 'ya'yana su fita daga sahun masu zuwa bayan an watse, ga ta farkonsu, wadda ta fi kowa kai, za ta haye teku ta zama mai tuge wa Turawa kara. Na ji kuma cewa ashe tana kallona a lokacin da nake zaton na ɓoye mata baƙin jikina. Kunya da fushi suka haɗe mini. Na ture kofin.

“Ki ce mata in kammasha take so, ga ta nan rataye, ba sai an shiga jirgi ba.”

“Ba ni kai wagga magana,” in ji Ladi.

“Ai ta ji.”

Ta ji kuwa. Na ji sawunta ya bar bakin danga. Kwana goma ban yarda an tayar mini da zancen ba, in Ladi ta shigo sai in ɗauki carbi. Uwarku ba ta da bakin magana a kan 'yar fari, sai dai tuwona ya riƙa zuwa da gishiri fiye da ƙima, na kuwa fahimci wannan sarai, shi kaɗai na fahimta a watan.

A cikin kwanakin nan ne aka yi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sau uku, kwana uku a jere, bayan sallar la'asar, 'yar Ladi ta zo ta tsaya a ƙofar zaurena da takarda a hannu. Ba ta yi sallama ba, ba ta shigo ba, ta tsaya dai inda inuwarta za ta faɗo kan tabarmata. Na san inuwar. Na san tana so ta yi magana da bakinta. A rana ta farko na kau da kai, na ce a raina kai, yarinyar nan tana da tarbiyya, dubi yadda ba ta tsallake ƙofa ba. A ta biyu na tashi na fita ta ɗaya ƙofar kamar ana kirana. A ta uku ta daɗe har inuwar ta kai bango, ni kuma ina ta jan carbi ban san me nake karantawa ba. Da na ce mata shigo, da ta ce saura kwana kaza, da mun tafi Madani da safe. Kalma ɗaya ce, na kuwa riƙe ta kamar ita ce gadon kakana.

Da fushin ya sauka, sai na nemi hanyar komawa kan maganar ba tare da an ce na sauko ba. Na kira Ladi, na yi tambaya da gatse.

“To masu kwancewar nan nata, wa ka gaya musu an ƙare? Ko mufattishi, mai duba gonaki, gare su mai zagayawa bisa doki shina busa ƙaho?”

Ladi ta zagaya. Wannan karon ta daɗe. Da ta dawo fuskarta ta canza.

“Tac ce ba wanda ya sani. Duk duniya. Tac ce wagga ita ce tambayar, ita za ta nema. Tac ce malaminta ya yi wata uku kahin ya kawo ta wurin, kai ka kawo kanka cikin zaure.” Ta dube ni. “Watan na ƙarewa, ƙanena. Ka tashi ku tahi.”

Sau biyu ke nan ta faɗa, ku ƙidaya. Amma maganar ta riga ta shige ni ta wata ƙofa. Ni da aka yi wata ana juya ni kamar waina, ashe na yi tambayar da malaman bayan teku ba su da amsarta. Sai wani girman kai ya taso mini wanda ya fi fushin muni. Na ce a raina ba zan sa hannu ina jahili ba, zan nemo amsar nan, in ba ta ta tafi da ita a matsayin guzuri, su san daga gidan da ta fito. Ranar kuwa ban ɗauke ta da nauyi ba. Duk ranar ofis da na sani a rayuwata tana lanƙwasa. In ta wuce sai ka naɗa rawani, ka ɗauki dattijo, ka je ka yi doguwar gaisuwa, a ce ma'alesh, ba komai, a buga hatimi. Ni da na fi kowa sanin cewa tsutsa ba ta karɓar gaisuwa, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai takarda mai halin tsutsa ba.

Na riƙa kwana da tambayar ina tashi da ita. Na ce ko makanar ce ke ihu in ta gama. Na ce ko akwai mai ƙidaya. Na ce ko ƙarshen zaren yana da ƙulli. Kowace na aika, Ladi ta dawo ta ce an yi tunaninta, ba ta tsaya ba tukuna. Har aka shiga watan biyar, aka kira ni da mutanena huɗu mu tuge wata hawasha a bakin tur'a, babban magudanar ruwan mashru'u. Mun isa da sassafe muka tarar mai gonar bai gama ba, mata na cikin layuka suna tsinkar ƙarshe, buhuna a gindin kowane kara. Muka zauna a kan gaɓa da kammasha a cinya. Kwana biyu muna zuwa muna zama. A rana ta uku matan suka ɗauke buhunansu suka fita, mu kuma muka miƙe muka shiga. Ina cafkar karan farko sai na tsaya. Wa ya ce mu shiga? Ba wanda ya ce. Mai gonar ma yana kasuwa. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa lura ba cewa ba a kiranmu da an gama. Kullum muna nan a gaɓa da ƙarfe a hannu, masu tsinka ne ke tare mana hanya da jikinsu da buhunansu, ranar da babu su sai mu shiga.

Na bar mutanena a gona, abin da ban taɓa yi ba, na taho gida da ƙafa rana tsaka. Na tarar da Ladi tana tankaɗe, na fara zuba mata bayani ina haki. Ta ajiye rariya.

“Ni na gaji. Ƙahwahuna sun mutu, kuma rabin abin da kuka ba ni zubewa shikai hanya. Ga ta nan bayan danga. In ba ka iya yi mata magana, yi ma danga.”

Sai na juya na fuskanci kara, ni da furfurata, na yi wa danga magana. Na ce wataƙila masu liƙa alamar nan ba jiran kira suke ba. Wataƙila kullum suna nan kusa, amma muddin ana kwafewa akwai abin da ya tsaya musu a ƙofa, wani abu na aikin kansa, in aiki ya ƙare abin ya gushe, sai su samu wuri. Na faɗi na matan da buhuna. Sai 'yar Ladi ta amsa ta bayan danga. Ban taɓa jin muryarta ta nufo ni kai tsaye ba tun tana koyon magana, sai ranar.

“Baba,” ta ce, “zaren tufka biyu ne. Zoben yana riƙe da ɗaya, ɗayar tana fita ta gefensa. In an gama, babu wadda ke fita ta gefe.” Sannan ta ƙara, “Ban sani ba. Yana iya yiwuwa. Wallahi yana iya yiwuwa.”

Daɗin da na ji a wannan lokaci ban ji irinsa ba ko ranar aurena. Na ce wa danga:

“To halas, shi ke nan, na gane. A shirya, gobe da asuba mu tahi Madani.”

“Ranar ta wuce, Baba. Yau kwana tara.”

Na ce ai ba komai, za a roƙa. Na naɗa rawani, na ɗauki limaminmu, muka shiga mota mu uku, ita a baya can. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo shayi, ya saurari gaisuwata har ƙarshe. Sannan ya ce abin ba a hannunsa yake ba, mutanen can sun jira, da ba su ji komai ba sun ba mai bi mata a jeri, har ya fara shiri. Na ce a buga musu waya in yi magana da babbansu. Ya dube ni da tausayi, ya ce Hajji, babu wanda za a gaisar. A hanyar dawowa liman ya tambaye ni a hankali ko na gane karatun daga ƙarshe. Na ce masa na gane.

'Yar Ladi ta sake nema shekara biyu a jere, ba ta samu ba, irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba. Daga baya ɗakin binciken nasu ya rasa kayan aiki, ta dawo ta karɓi koyarwa a makarantar 'yan mata, ta yi aure, ta haifi waɗannan da ke hawa kaina yanzu. Da kuka tambaye ta, ta ce muku takarda ce ta makara, ba ta ƙara ba. Ku kuka ƙarasa labarin da kanku, kuka ga Ladi ce mai kai saƙo, kuka ce ita ta riƙe. Ladi ta ji, ba ta musa ba. Na taɓa ce mata zan tara ku in faɗi gaskiya, ta ce in bari, wai gara a ce goggo ta yi son kai da a ce uba ya yi wauta. Na kuwa bari da sauri, har ina jin kunyar saurin.

Bayan rasuwar Ladi da 'yan watanni, shekara biyar da waccan tafiya ta Madani, ina zaune bayan la'asar sai inuwa ta faɗo kan tabarmata. Babu sauran mai zagaya danga. Wannan karon ban tashi ba, na ce shigo, muryata kamar ta wani. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta miƙo waya. Hoto ne mai launi, wani abu kamar gammo, zare ya ratsa tsakiyarsa, wani zaren ya fita ta gefe.

“An gano, Baba. Wasu masu bincike sun gani da na'ura. Tufkar da ke fita ta gefe ita ke tare wurin da mai liƙa alama zai zauna. In kwafewa ta ƙare, babu ita, sai ya zauna. Kamar yadda ka ce wa danga.”

Na daɗe ina kallon gammon. Ban ga mata da buhuna ba, ban ga komai da na sani ba, amma na gyaɗa kai. A ƙasan hoton akwai jerin sunaye da rubutun Turawa. Na sa yatsa a kai.

“Naki na ciki?”

“A'a, Baba.”

Ta faɗa ba tare da ɗaci ba, har da ɗan murmushi, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ta yi kuka. Har yau ban san abin da ya kamata in ji game da wannan hoto ba. Wata rana in ji daɗi cewa mai kammasha ya hango abin da aka gani da na'ura, wata rana in ga cewa hangen nan nawa shi ne ya ci kwana taran. Na so in kira ta a lokacin, na buɗe baki, sunan ya zo har haƙora ya koma. Ta karɓi wayarta, ta ce a huta lafiya, ta fita.

To ga shi kun ji. Goggonku ta faɗi ranar sau biyu, ku nema mata gafara, ku kuma nemi tata a wurin Allah. Al'adar kakana ban ce ku zage ta ba, ta raini mutane masu mutunci, amma ta gama aikinta a gidana tun ranar da yarinyar nan ta tsaya a ƙofa da takarda, ni kuma na bar ta a tsaye ban tuge ba. Da na yi niyyar in ce ɗayanku ya kai mata wannan rubutu ta karanta, sai na tuna aike ne ya kawo mu nan. Gidanta ba nisa, ƙafata za ta kai. Sau ɗaya tak na taɓa faɗin sunanta, a kunnenta na dama, tana da kwana ɗaya a duniya. Ina ta gwada shi a zaure tun safe don kada ya sake maƙale mini, har uwarku ta leƙo ta ga ko lafiya. Gobe bayan la'asar zan tsaya a ƙofarta, in ta kau da kai ta yi daidai, zan dai kira.

Halimatu.